Ai-Na-Sani Ya Kai Shaidu Jami'a

Malam Ai-Na-Sani malamin ba da shawara ne a wata makarantar sakandare, kuma ba a makarantar kaɗai yake ba da shawarar ba. Yana bayarwa a kan matakalar benen da suke haya, yana bayarwa a layin shan mai, har likita yakan ba shawara in ya je asibiti da ciwon kai. Daga bakinsa ya samo sunan. Kafin ka kai rabin magana ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani," sannan ya ƙarasa maka ita ba yadda ka nufa ba.

Yana da digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma a bana layi ya zo kansa na hutun ƙaro karatu. Sharaɗin makarantar ɗaya ne: jami'a ta ɗauke shi karatun digirin digirgir kafin zango ya ƙare. In ba haka ba hutun ya wuce kan malamin lissafi, wanda teburinsa ke kusa da nasa a ofis, kuma tuni ya fara gaishe shi da fara'ar da ba ta da dalili. Sashen ilimin halayya na jami'ar garin kuwa gurbi ɗaya ya rage masa.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Tana gugar kayan aikinta ta ce, "Na ji sun ce kowa ya zo da abu ɗaya da yake so ya bincika. Wanne ka zaɓa?"

"Ɗaya? Uwargida, ɗaya ai na masu ƙaramin kai ne. Ni uku gare ni. Mantuwar tsofaffi, rigimar maƙwabta, da kuma tsoro."

"To ɗauki ɗaya ka ajiye biyu. In ka zama dakta ka dawo musu, ba guduwa za su yi ba."

"Ki ce wa uba ya zaɓi ɗaya a cikin 'ya'yansa?"

"Makon jiya biyar ne. Ka yar da biyu, ban ji kukan kowa ba."

Ya saka hula ya nufi jami'a. Dabararsa ita ce ya ga malaman fannonin uku, kowa shi kaɗai. Ya fara da Shugabar sashe, wadda ke bincike a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi. Ya dafa ƙirji ya ce mata tun yana yaro ba shi da wani buri a duniya sai fahimtar mantuwar kakanni. Ya fito ya shiga ofishin Farfesa Mai Sanƙo, masanin rikici da sulhu, ya dafa ƙirjin nan dai ya ce tun yana yaro ba ya iya cin abinci in ya ji mutum biyu na faɗa. Ya ƙare da Dakta Mai Tabarau, mai binciken tsoro, a nan har muryarsa ta yi rawa. Kowannensu ya ji daɗi, kowanne ya ce masa, "Ranar ganawa ka zo ka nuna mana ka fara tunani a kan abin." Ofisoshin uku a baranda ɗaya suke, butar shayi ɗaya suke amfani da ita, amma wannan bai shiga idon Malam ba.

Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai. "Sauran masu nema takarda za su kai," in ji shi. "Ni mutane zan kai, masu rai, waɗanda na gyara da hannuna."

"Su wa?" in ji matarsa.

"Gidan nan cike yake da su."

Ya fara da Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo ganin likitan ido ta zauna a wurinsu. Laifinta ɗaya, wata rana ta zuba gishiri a shayi, shi ma don ba ta gani sosai ne. Malam ya ce wannan alamar ƙwaƙwalwa ce ta fara tafiya. Da safe ya jera kaya a faranti, ya kai mata dab da fuska ta duba, sannan ya rufe da tawul.

"Gwaggo, me da me kika gani?"

"Na ga cokalin da aka ce mini ya ɓace. Na ga matajin matarka wanda ka rantse ba ka taɓa shi, ga gashin gemunka a jiki. Na ga mabuɗin ɗakin ajiya, wanda kuka fasa ƙofa saboda shi, ka ce matarka ce ta yar."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "A ina ka samo mabuɗin nan, Malam?"

"Ana cikin gwaji, Uwargida, kar ki ɓata sakamako. Madalla, Gwaggo! Ƙwaƙwalwa ta fara buɗewa."

"Ɗan nan, yaushe ta rufe?"

Mataki na gaba, ya ce ta riƙa ba da labarin da can baya don ƙwaƙwalwar ta motsa jiki. Wannan kam ya yi wa Gwaggo daɗi. Duk baƙon da ya shigo sai ta zaunar da shi ta ba shi labarin ranar da Malam, yana yaro, ya tara yaran gida zai nuna musu yadda ake zura kai a tsakanin ƙarafan taga ba a maƙale ba, da yadda aka ƙare da shafa masa mai a kunnuwa yana ihu. Malam ya riƙa gyaɗa kai yana cewa ci gaba ne, duk da cewa ya daina gayyatar abokansa gida.

A ƙasan benen akwai shaguna biyu jere, na Tela da na Mai Walda, kuma ba wanda ya taɓa ganin sun gaisa. Tela ya ce tartsatsin walda na huda masa yadin mutane, kuma da an kunna injin walda sai wuta ta ja baya kekensa ya tsaya. Mai Walda ya ce tsummokaran Tela ne iska ke kwasowa zuwa ƙofarsa, wata rana su za su ƙone unguwa.

Malam ya shiga wurin Tela. "Ka san maƙwabcinka ya ce duk garin nan ba mai hannu irin naka?"

Tela ya tsayar da keke. "Shi ya faɗa? Da bakinsa? To wata muguntar yake shiryawa." Ya tashi ya kwashe yadukan da ya rataya a waje.

Malam ya zagaya wurin Mai Walda. "Tela ya ce kai gwani ne, aikinka ba ya tashi."

"Gwani? Ba'a yake mini ke nan. Bari in je in ji a bakinsa." Ya ɗauki guduma ya fita, sai da mutane suka shiga tsakani.

Malam bai karaya ba. Ya ce matsalar ita ce ba su san wahalar juna ba, don haka su yi musayar sana'a na safiya ɗaya. Ya san ba za su yarda ta daɗi ba, sai ya gaya wa kowa cewa ɗayan ya ce ko almajirin aikinsa ba zai iya zama ba. Nan da nan suka tuɓe riga. Mai Walda ya hau keke ya ɗinke ƙafafun wandon wani ango duka biyu, ɗinki mai ƙarfi irin na mai son aiki ya daɗe. Tela kuwa ya ƙi saka abin kare ido, ya ce shi da yake zura zare a allura ba hasken da zai ba shi tsoro. Ya nemi abin da zai gwada hannu a kai, ya ga ƙofar gidan tana ɗan girgiza, ya like ta da ginshiƙinta tun daga sama har ƙasa.

A wannan rana, masu zuwa aiki ta katanga suka fita. Wata mai jego ta miƙa jaririnta ta saman ƙofa kafin ta hau kujera ta bi shi. Mai gidan ya tsaya a waje yana tambayar wane ne ya kulle shi daga gidansa. Tela yana zaune idanu jajir suna zubar da hawaye, angon yana tsaye a kansa da wando a hannu yana neman ta inda zai saka ƙafa.

"Malam, wannan ne sulhun?" in ji wani maƙwabci daga kan katanga.

"Ba ku karanta ba ne. Kafin ciwo ya warke sai ya yi ruwa."

Na uku shi ne ƙanin matarsa, direban babbar mota, wanda kowa ke kira Ƙato. Shi kaɗai yake ɗaukar firji ya hau bene da shi. Amma in kyanwa ta gifta a gabansa, ko 'yar jaririya ce, sai ka neme shi ka rasa. A littafi an ce irin wannan a hankali ake bin sa: hoto daga nesa, hoto daga kusa, kyanwar roba, sannan ta gaske a bayan gilashi, ana yi ana hutawa har watanni. Malam ya nuna masa hoto a waya daga ƙarshen falo.

Ƙato ya rufe ido ɗaya. "Mijin Yaya, matsar da ita. Kallona take."

"Hoto ne, rago."

"Na sani. Matsar da ita dai."

Ranar ganawa ta matso, ga aiki uku kowanne ya tsaya a rabi. Malam ya kwanta rigingine bayan cin abincin rana yana kallon silin, can ya miƙe zumbur. "Me zai sa in bi su ɗaya bayan ɗaya? A haɗa su rana ɗaya a gama!"

Matarsa ta ce, "Malam, a asibiti ma ba ma yi wa mutum uku allura da sirinji ɗaya."

"Wannan asibiti ne. Ni kimiyya nake yi."

Akwai wani tsohon kabad ɗin kaya da ya daɗe a ƙasa yana jiran a hau da shi. Littafi ya ce abokan gaba in suka haɗu a kan aiki ɗaya sukan shirya, don haka ya lallashi Tela da Mai Walda, ya ce wa kowa ɗayan ya ce ba shi da ƙarfi. Ya kira Ƙato ya tallafa ta tsakiya. Ya ajiye wa Gwaggo kujera a saman matakala ta kalla, daga baya ta faɗi abin da ta riƙe. Sannan ya aro kyanwar matar mai gida, ya ce ɓera ya dame su, ya saka ta a kwali.

Aka kama kabad. Tela a sama yana ja da baya, Mai Walda a ƙasa yana turawa.

"Ɗaga mana, mai allura!"

"Ni nake ɗauke da shi duka, kai rungumarsa kawai kake!"

Suna kaiwa kwanar matakala, inda wuri ya fi matsewa, Malam ya durƙusa a bayansu ya buɗe kwali. Kyanwa ta fito ta yi miƙa, ta goga jikinta a ƙafar Ƙato.

Ba wanda ya ga lokacin da Ƙato ya bar ƙasa. Sai dai aka ji ƙara, aka gan shi a saman kabad. Katakon bai ɗauki nauyinsa ba, ya ɓurma ciki gaba ɗayansa. Kabad ya juya ya gindaya a kwanar, ya danne Mai Walda da bango, ya bar Tela zaune a kan matakala da marfin ƙofa ɗaya a hannu. Kyanwa ta hau saman ramin da Ƙato ya yi, ta zauna tana lasar hannu tana leƙa shi.

"Yaya! Yaya!" in ji murya daga cikin kabad. "Ku ce mata ta tafi!"

"Yi numfashi a hankali," in ji Malam. "Kana samun sauƙi ke nan."

Masu hawa suka taru a ƙasa, masu sauka suka taru a sama. Wata mai ɗauke da kwanon wanki ta ce, "Jiya ƙofa, yau matakala. Malam, gobe rufin za ka cire mana?" Wani dattijo ya ce shi dai a miƙo masa maganinsa ta taga. Gwaggo tana kan kujerarta tana cewa, "Ina gani, ɗan nan, idon ya yi kyau yau. Ina riƙewa duka."

Sai da Mai Walda ya zame ya ɗauko kayan aikinsa, Tela ya riƙe masa fitila yana nuna masa inda ƙusa take, suka wargaza kabad ɗin katako-katako kafin aka zaro Ƙato. Da yamma Malam ya leƙa ta taga ya ga Tela da Mai Walda a kan benci ɗaya suna shan shayi, kowa na nuna tagar Malam da yatsa.

"Uwargida, zo ki gani! An yi sulhu!"

"Zaginka suke yi, Malam. Har nan ina jiyowa."

"Tare suke yi ko ba tare ba? Shi kuma ƙaninki ya zauna da kyanwa a kansa bai suma ba. Uku cikin uku."

Saura kai su jami'a, kuma ya san ba mai bin sa in ya faɗi gaskiya. Ya ce wa Gwaggo ya samo mata babban likitan ido. Ya ce wa Tela da Mai Walda jami'a za ta ba da kwangilar labule da ƙarafan taga, shi ya yi musu hanya don ya wanke laifinsa. Ya ce wa Ƙato ya yi haƙuri, tuƙi kawai zai yi. Matarsa tana wurin aiki suka fita. Ya miƙa wa Ƙato wani kwali ya saka a bayan mota.

"Mene ne a ciki?"

"Littattafai."

"Littattafai ne aka huda wa kwali?"

"Sababbi ne, ba a son su yi gumi." Ya shiga mota ya ƙure rediyo.

A barandar sashen masu neman gurbin suna zaune a benci, kowa da 'yar takardarsa yana bita. Malam ya wuce su da tawagarsa yana kallonsu da tausayi. Aka kira shi, ya ce wa mutanensa su jira, ya shiga.

Mutum uku ne a bayan tebur: Shugabar sashe a tsakiya, Farfesa Mai Sanƙo a dama, Dakta Mai Tabarau a hagu. Malam ya ɗan sha jinin jikinsa. Su kuwa duka suka yi masa murmushi lokaci guda.

"Yawwa, wannan ne na ba ku labari," in ji Shugaba. "Wanda tun yana yaro ba shi da buri sai mantuwar tsofaffi."

Farfesa ya shafa sanƙonsa. "A'a, ranki ya daɗe, wannan nawa ne. Shi ne ba ya iya cin abinci in ana faɗa."

Dakta ya gyara tabarau. "Ni a ofishina saura kaɗan ya yi kuka."

Suka dubi juna, sannan suka dube shi.

"Ai na sani, abin zai ɗaure muku kai," in ji Malam. "Shi ya sa ban zo da surutu ba, na zo da shaidu." Ya buɗe ƙofa ya yafito su, ya bar ta a buɗe.

Tela ya shigo da sallama, ya zaro tef ɗin awo ya nufi taga. Mai Walda ya bi shi ya kama ƙarafan yana jijjigawa. "Wa ya yi muku wannan aikin? Ya cuce ku." Ƙato ya ajiye kwali a kan tebur ya koma gefe. Gwaggo ta duba fuskokin, ta zaɓi mai tabarau, ta ja kujera gabansa ta gwale ido da yatsu biyu. "Na hagun ne ya fi damuna, likita."

Malam ya gyara murya. "Wannan tsohuwa, lokacin da na fara aiki a kanta, ƙwaƙwalwarta ta kusa tafiya."

"Wace tsohuwa?" in ji Gwaggo, ta saki idon.

"Waɗannan biyun kuma masu saurin fushi ne da ƙarancin tunani, irin da ake samu a littafi. Da dabara na haɗa kansu ba su sani ba."

Tef ɗin Tela ya koma gidansa da ƙara. "Su wa ke da ƙarancin tunani?"

"Ina kwangilar?" in ji Mai Walda.

Shugaba ta ajiye alƙalaminta a hankali. "Malam, tsaya. Mutanen nan sun san bincike kake yi a kansu? Ka tambaye su sun amince?"

"Haba, ranki ya daɗe! Ai da sun sani da sakamakon ya lalace."

Farfesa ya rufe fuska da tafin hannu. A wannan fanni, abin da ake fara koya wa ɗan aji ɗaya ke nan: ba a gwaji a kan mutum sai ya sani ya yarda.

"Mama," Shugaba ta ce wa Gwaggo, "ke kika raine shi? Gaskiya ne tun yana yaro yake da wannan burin?"

"Wannan? 'Yata, da safe matuƙin jirgi zai zama, da rana alƙali, da yamma mai sayar da tsuntsaye. Riga ma in ka ba shi biyu ya zaɓa, sai ya saka duka ya fita yana gumi." Daga nan ta ɗauko labarin kabad, daga buɗe kwali har zaro Ƙato, da abin da kowa ya faɗa da wanda ya faɗa, ba ta tsallake ko tari ba. Shugaba ta jawo takarda tana rubutu da sauri. Masu jiran ganawa sun bar benci sun cika bakin ƙofa.

Malam ya ga abin na neman kuɓuce masa. "Saura shaida mafi girma!" in ji shi. "Wannan ƙaton da kuke gani, da ko hoton kyanwa ba ya iya kallo. Ku duba yanzu." Ya fizge marfin kwali.

Kyanwar ta gaji da zama, ta yi tsalle ta dira a tsakiyar tebur. Ƙato ya taka kujera, ya taka tebur, butar shayi ta kife a kan takardun Farfesa, kafin a ƙifta ido yana saman kantar littattafai ya dunƙule dab da silin. Littattafai suka riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya. Bakin ƙofa ya kaure da dariya, wani har da zama a ƙasa.

"Dama na san littattafai ba sa numfashi!" Ƙato ya yi ihu daga sama.

Dakta Mai Tabarau ya tashi ba gaggawa, ya ɗauki kyanwar ya miƙa ta waje. Ya dawo ya tsaya ƙarƙashin kantar yana magana ƙasa-ƙasa. "Ta fita, ɗan'uwa. Ba wanda zai dawo da ita. Sauko lokacin da ka ga dama, ba sauri muke ba." A hankali Ƙato ya sauko da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar.

Wadda ta karɓi kyanwar a bakin ƙofa matar Malam ce, da kayan aikinta a jiki. Matar mai gida ce ta kira ta tana neman kyanwarta, ita kuwa ba ta buƙaci a gaya mata inda za ta nufa ba.

Shugaba ta jira dariya ta lafa. "Malam, abin da ka yi wa mutanen nan ba daidai ba ne, kuma za ka ba su haƙuri. Amma na ga kana son aikin, tsari ne ba ka da shi, shi kuwa tsari ana koyar da shi. Zan ba ka dama ɗaya. Faɗi abu ɗaya da kake so ka bincika. Ɗaya. In ka faɗa, za mu duba maganarka tare da ta sauran."

Malam ya dubi Gwaggo, ya dubi Tela da Mai Walda, ya dubi Ƙato da ke karkaɗe ƙura daga gwiwa. A bakin ƙofa matarsa ta rungume kyanwa da hannu ɗaya, ta ɗaga masa yatsa ɗaya da ɗayan. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"Tsoro," in ji shi.

Matarsa ta sauke ajiyar zuciya. Dakta ya ɗauki alƙalami.

"Wato tsoron da tsofaffi ke ji in suka manta dalilin rigimarsu da maƙwabta."

Dakta ya ajiye alƙalamin.

"Kuma yanzu da na lura da yadda kyanwar nan take zaɓar mutum, akwai wani abu game da dabbobi da ya kamata a ce..."

"Mun gode, Malam," in ji Shugaba. "Na gaba ya shigo."

Malam ya fita ta tsakiyar masu dariya, amma shaidunsa ba su biyo shi nan take ba. Yana tsaye a baranda yana jiyo Shugaba tana yi wa Gwaggo bayanin wani bincike da suke yi a kan tsofaffi masu kaifin ƙwaƙwalwa, tana tambayarta ko za ta so ta riƙa zuwa, in ba ta so ba komai. Farfesa ya roƙi Tela da Mai Walda su zo su ba ɗalibansa labarin yadda suka shirya, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Dakta ya ce wa Ƙato in yana so a raba shi da tsoron nan, za a bi shi a hankali, kuma ba za a taɓa buɗe masa kwali ba. Duka suka amsa.

Gwaggo ta fito tana gyara mayafi. "Ka ji yadda ake tambayar mutum, ɗan nan?"

A mota ba wanda ya kunna rediyo. An saka kyanwa a tasi tare da Tela da Mai Walda, waɗanda suka ce gara su bi ta da su bi Malam. Ƙato na tuƙi, Gwaggo na gaba tana maimaita ranakun da aka ce ta zo. Malam yana baya kusa da matarsa, hula a gwiwa. Hutun ya tafi wurin malamin lissafi, kuma ya san da wace irin fara'a za a gaishe shi gobe.

Sun yi nisa kafin ya yi magana. "Uwargida, tsakani da Allah, aikin nan bai yi kyau ba?"

Ta ɗauki hular ta karkaɗe ta, ta ɗora masa a kai.

"Ya yi kyau, Malam. Jami'a ta karɓi bincikenka duka uku. Kai kaɗai ta dawo mana da kai."